Man Kolmani: Muna ta rigimar rabo, amma wa zai riƙa duba rijiyar?

Duk ranar da maganar man Kolmani ta faɗo a Facebook ko X, ka san inda za a dosa tun kafin ka gama karantawa. 'Yan Bauchi su ce rijiyar a Alkaleri take, 'yan Gombe su ce ina, ƙasar Pindiga ce. Wani ya shigo da lissafin kashi 13 cikin 100 da tsarin mulki ya ware wa jihohin da ake haƙo mai a cikinsu, wani kuma ya ce alhamdulillahi, gorin 'yan Kudu ya zo ƙarshe. Tun ranar 22 ga Nuwamban 2022 da marigayi Muhammadu Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin, aka ce akwai gangar ɗanyen mai sama da biliyan ɗaya a kwance a wurin, haka muke ta yi. Aikin kansa yana tafiyar hawainiya, mu kuma mun riga mun gama raba kuɗin a waya.

Akwai tambayar da ba kasafai ake yinta ba, kuma a ganina ita ta fi shafar manomin Barambu da makiyayin da ke shayar da shanunsa a yankin. Idan an haƙa rijiyar, manyan baƙi sun koma Abuja, an naɗe rumfuna, wa zai riƙa zuwa yana duba ta? Sau nawa a shekara? Da motar wa zai zo? Idan kuma ta ɓalle, maganar wa za a ɗauka a kan abin da ya jawo?

Bari mu fara da ita rijiyar kanta, don da yawanmu idan aka ce rijiyar mai, irin ta gidan kaka muke hangowa, da guga da igiya. Ba haka take ba. Rami ne siriri mai zurfin kilomita biyu, uku, wani lokaci fiye. Ana zura manyan bututun ƙarfe a cikinsa, wani cikin wani, a ɗura siminti tsakanin ƙarfen da jikin ƙasa. Amfanin simintin shi ne ya raba tsakanin mai da gas da ke can ƙasa da ruwan shan da ke sama-sama, wato wanda burtsatse da rijiyoyin gari ke ja. A samanta kuma sai a kafa wani kan ƙarfe mai bawul-bawul da yawa, shi ke riƙe da ƙarfin da ke tunkuɗowa daga ƙasa. Ka ɗauki kwalbar lemo da aka girgiza, kan rijiyar shi ne murfin. Ƙarfe yana tsatsa, siminti yana tsagewa, robar da ke cikin bawul tana mutuwa. Shi ya sa duba rijiya ya wuce a zo a kalle ta daga cikin mota. Sai an auna ƙarfin iskar da ta taru tsakanin bututun, an gwada kowane bawul an ga yana rufuwa, an ɗebi ruwan rijiyoyin maƙwabta an kai ɗakin gwaji.

Rijiyar da ke ba da mai kullum tana da masu kula da ita, tunda kuɗi take kawowa. Wadda ta fi ban tsoro ita ce wadda aka haƙa, aka ga man bai kai a wahala a kansa ba, ko ya ja baya, sai aka murɗe bawul aka tafi. Ba a cike ta da siminti an kashe ta gaba ɗaya ba, ba a kuma aiki da ita. Tana nan tsaye a tsakiyar gonar wani, ciyawa ta rufe ta, yara suna wasa a gefenta.

Mutanen Ikot Ada Udo a jihar Akwa Ibom sun san wannan labarin fiye da kowa. A 1959, shekara uku kacal bayan gano mai a Oloibiri, kamfanin da daga baya ya zama reshen Shell a Najeriya ya haƙa wata rijiyar gwaji a ƙauyen, ana kiranta Ibibio-1. Ba a taɓa ɗibar mai daga cikinta don sayarwa ba. Aka bar ta da kanta na ƙarfe a tsaye, shekara kusan hamsin. A 2006 ta fara yoyo, a 2007 ta yi aman mai sosai, ya shiga gonaki da tafkunan kiwon kifi. Wani dattijo manomi, Friday Alfred Akpan, yana cikin manoma huɗu na Neja Delta da suka kai ƙara har ƙasar Holan, tare da ƙungiyar kare muhalli ta Milieudefensie. Kamfanin ya ce ba laifinsa ba ne, wasu ne suka je suka buɗe bawul ɗin.

To ga inda abin yake da daɗin nazari. A Janairun 2013 kotun birnin Hague ta yarda cewa hannun mutane ne ya buɗe rijiyar. Amma duk da haka ta ce reshen kamfanin a Najeriya ya yi sakaci, domin ya bar rijiyar a yanayin da mutum zai iya kwance ta da babbar sifana kawai. Toshe ta da kankare, abin da kamfanin ya zo ya yi a 2010, ba wani aiki ne mai tsada ba, kuma da an yi shi tun farko da ba a kai ga haka ba. An ci gaba da ɗaukaka ƙara shekara da shekaru. Sai a Disambar 2022 aka daidaita a kan Yuro miliyan 15 ga al'ummomin uku da ke cikin shari'ar, Oruma da Goi da Ikot Ada Udo, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Manoman huɗu da suka fara shigar da ƙarar duk sun riga mu gidan gaskiya kafin ranar. Ka lissafa da kanka: daga yoyon 2007 zuwa biyan diyya shekara 15, kuma wannan wanda ya yi sa'a ke nan, ya samu lauyoyi a Turai.

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne, yanzu an waye. Sai mu matso kusa. A farkon Nuwamban 2021 wata rijiya a filin mai na Santa Barbara, a Nembe ta jihar Bayelsa, ta ɓalle. Waɗanda ke bin labarai a lokacin za su tuna bidiyon: mai da gas suna feshi sama da ƙara kamar injin jirgi, suna zuba cikin kogin da masunta ke ci da shi. Ita ma ba a aiki da ita lokacin da ta fashe. Kamfanin Aiteo ne ke da ita, ya saye yankin ne daga hannun Shell da abokan hulɗarsa a 2015. Rijiyar ta fi wata guda tana aman mai. Sai da aka ɗauko ƙwararrun kamfanin Boots & Coots na Amurka kafin a shawo kanta a watan Disamba. Da aka zo bincike, kamfanin da hukumomin tarayya suka ce zagon ƙasa ne. Gwamnatin Bayelsa ta ce sam, lalacewar kayan aiki ne da rashin kula, ta yi watsi da sakamakon. A gaɓar tekun jihar Ondo kuwa, rijiyar Ororo-1 ta kama da wuta a 2020, ta shafe shekaru tana ci masunta na kallo.

Wannan gardama ta "zagon ƙasa ne ko sakaci" ita ce zuciyar maganar, don haka bari in ɗan tsaya a kanta. A Najeriya idan mai ya malala, doka ta ce kamfani ya sanar da hukumar NOSDRA cikin awa 24. Wannan hukuma an kafa ta a 2006, tana ƙarƙashin ma'aikatar muhalli. Daga nan sai a haɗa tawagar binciken haɗin gwiwa: wakilin kamfani, na NOSDRA, na hukumar NUPRC mai kula da haƙar mai, na gwamnatin jiha, da na al'ummar da abin ya shafa. Su je wurin, su cike takarda, su rubuta abin da ya jawo, yawan man da ya zube, da faɗin ƙasar da ya ɓata, kowa ya sa hannu. A takarda tsarin ya yi kyau. A aikace fa? Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni, wanda ya fito a Agustan 2011, ya nuna hukumomin gwamnati ba su da kayan aiki da ƙwararru yadda ya kamata, har zuwa wurin ma sai sun jingina da kamfanonin. Amnesty International ta sake tono wannan a wani rahoto na 2013. Wato wanda ake bincika shi ke kawo jirgin ruwa, shi ke sa ranar tafiya, injiniyansa ne ya fi kowa sanin na'urar da ake dubawa. Wakilin gari kuma sau da yawa bai taɓa ganin cikin bawul ba a rayuwarsa, ga takarda da Turancin injiniyoyi, ga jami'an tsaro a tsaye. Ba a ba kura ajiyar nama, amma kusan abin da muka yi ke nan.

Me ya sa kalma ɗaya a wannan takarda take da nauyi haka? Saboda kuɗi. Idan aka rubuta lalacewar kayan aiki, kamfani zai biya diyya. Idan aka rubuta zagon ƙasa, zai share wurin, amma maganar diyya ta sha ruwa. Dokar man fetur ta PIA da aka sa wa hannu a Agustan 2021 ta ƙara wa abin gishiri. Ta ce kowane kamfani ya riƙa zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin da ya kashe wajen gudanar da aiki a shekarar da ta gabata cikin wani asusu na raya garuruwan da yake aiki a cikinsu. Madalla. Amma sashe na 257 ya ce idan aka yi ɓarna ko zagon ƙasa a kayan kamfanin, za a cire kuɗin gyara daga rabon al'ummar. Ka ga ke nan manomin da bai san hawa ba bai san sauka ba zai iya yin asara sau biyu: gonarsa ta tafi, kuɗin asibiti ko makarantar garinsu ma ya tafi, duk a kan abin da aka rubuta a takardar da ba shi da ƙarfin musantawa.

Kada a fahimce ni a karkace. Satar mai gaskiya ce, fasa bututu gaskiya ne, matatun bayan fage da suka mayar da sararin Fatakwal baƙi ƙirin da toka su ma gaskiya ne, kuma akwai 'yan gari a cikin masu yi. Ba kowane yoyo ne laifin kamfani ba. Abin da nake cewa shi ne, wanda zai biya idan aka ce sakaci ne bai kamata ya zama shi ke riƙe da sitiyarin binciken ba. Kuma hukuncin Ikot Ada Udo ya nuna ko da ɓarawo ne ya taɓa, akwai tambaya ta biyu: me ka yi don kada ya iya taɓawa? Mai shagon da ya bar ƙofa a buɗe ya tafi shekara hamsin ba zai zo yana rantsuwa cewa shi ba ruwansa ba.

Tarar ma abin dariya ce. Dokar NOSDRA ta sa Naira 500,000 a kowace rana ga kamfanin da ya ƙi ba da rahoton malala, da Naira miliyan ɗaya ga wanda ya ƙi share wurin. Miliyan ɗaya fa, kuɗin da yau ba zai sayi sabuwar iPhone ba. Kamfanin da ke lissafi da dala zai ji wannan a jikinsa?

Sai kuma wani sabon babi da ya kamata mu sa wa ido. Manyan kamfanonin waje suna tattara komatsansu daga rijiyoyin kan tudu. Eni ya sayar wa Oando da reshensa na Agip a 2024, Shell ya kammala miƙa SPDC ga gamayyar Renaissance a Maris ɗin 2025. A soshiyal midiya an yi ta murna, wai arziki ya dawo hannun 'yan ƙasa. Ni ma ina son ganin haka. Amma wanda ya sayi tsohuwar mota ya sayi har da ciwon injinta. Rijiyoyin nan wasu sun haura shekara hamsin, kuma kashe rijiya ɗaya yadda ya dace aiki ne na maƙudan kuɗi wanda ba ya dawo da ko sisi. PIA ta tanadi cewa kowane kamfani ya buɗe asusu na musamman yana tara kuɗin rufe rijiyoyi da kwashe kayan aiki idan an gama. Tanadi ne mai kyau, sai dai asusun da jama'a ba su san nawa ke ciki ba sunansa alkawari. Amurka da duk ƙarfinta ta faɗa wannan ramin: kamfanoni sun karye ko sun ɓace sun bar dubun-dubatar rijiyoyi marasa mai su a gonakin mutane, har sai da gwamnati ta ware dala biliyan 4.7 a 2021 don toshe su da kuɗin talakawa. Idan ta faru a nan, wa kake jin zai biya?

Yanzu mu dawo gida. Akwai masu cewa ai mu Arewa ko fara haƙowa ba a yi ba, wannan damuwar ta 'yan Neja Delta ce. Wannan kuskure ne, domin muna da tsofaffin rijiyoyi tun tuni. NNPC ta haƙa rijiyoyin gwaji 23 a yankin Tafkin Chadi a shekarun baya, aka ga alamar gas a biyu daga ciki, Wadi-1 da Kinasar-1. A yankin Bauchi da Gombe, wajajen 1999 zuwa 2000, Shell ya haƙa Kolmani River-1, Chevron ya haƙa Nasara-1, Elf ya haƙa Kuzari-1, duk suka tattara suka tafi. A 2019 aka dawo aka haƙa Kolmani River-2. A 2023 aka ƙaddamar da Ebenyi-A a ƙaramar hukumar Obi ta jihar Nasarawa, da Wadi-B a Borno. Mu tuna Ibibio-1 ma rijiyar gwaji ce da aka ce ba ta da amfani. Haƙƙin mutanen waɗannan wurare ne NUPRC ta fito da takarda a fili: ga inda kowace rijiya take, ga yadda aka rufe ta, ga ranar da aka duba ta ta ƙarshe, ga sunan kamfanin da alhakinta ke wuyansa yau.

Kuma yanayinmu ya bambanta da na Kudu ta hanyar da ta sa abin ya fi mana haɗari a wani fannin. Su suna da koguna da ruwan sama kusan duk shekara, mu kuwa da rani ƙauye guda kan dogara da burtsatse ɗaya ko biyu, mutane da dabbobi duka. A Nisisioken Ogale ta ƙasar Ogoni, binciken 2011 ya samu sinadarin benzin mai jawo sankara a ruwan sha ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, kuma rahoton ya ce gyara yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ka ɗauko wannan ka ajiye a ƙauyen da ba shi da wani ruwan. Ga ramukan da ake tara laka da gurɓataccen ruwan haƙa, waɗanda idan ba a killace su ba, garken shanu ba ya karanta allon gargaɗi. Ga gandun dajin Yankari a cikin Alkaleri ɗin nan dai. Sannan ga matsalar tsaro: a Yulin 2017 'yan Boko Haram sun yi wa tawagar masu binciken mai ta NNPC da Jami'ar Maiduguri kwanton ɓauna a yankin Magumeri, aka rasa rayuka da dama. Wurin da injiniya ba zai iya zuwa ba sai da rakiyar sojoji, sau nawa kake zaton mai duba rijiya zai leƙa shi?

Maƙwabciyarmu Chadi, wadda ƙasarta ta fi kama da tamu, ta ɗanɗana. A 2013 gwamnatinta ta dakatar da aikin kamfanin CNPC na China bayan an gano ɗanyen mai da aka zubar a ramuka a kudu da N'Djamena. Ta ci shi tarar dala biliyan 1.2, daga baya aka daidaita a kan miliyan 400. Ko me za a ce da gwamnatin Chadi, a wannan karon jami'anta sun je da ƙafarsu sun gani. Mu kuma mun san abin da ke faruwa idan aka bar haƙar ma'adinai a karkara ba mai leƙawa: gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 kafin hankalin hukuma ya kai wurin.

Akwai wani abu da mu kanmu sai mun gaya wa juna gaskiya a kai. Mun ga abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, tankar mai ta faɗi, jama'a suka ruga da bokitai, sama da mutum 150 suka ƙone. Rijiyar da ke yoyo ta fi tanka haɗari nesa ba kusa ba, domin gas ɗin da ke fita daga ƙasa sau da yawa ba shi da wari. Warin da kake ji a gas ɗin girki ƙara masa ake yi da gangan. Tartsatsin salansar babur ya isa. Idan kamfani zai shigo gari, wayar da kan mutane da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan yankin wajibi ne, ba alfarma ba.

To mu da muke da waya da data, me ya rage mana ban da faɗan Bauchi da Gombe? Tun ran gini ran zane. Abu mafi muhimmanci, kuma mafi arha, shi ne a auna ruwa da ƙasar garuruwan da ke kewaye da rijiyoyin tun yanzu, kafin a fara ɗibar mai. Abin da ya karya mutanen Neja Delta a kotuna da yawa shi ne ba su da shaidar yadda ruwansu yake kafin kamfani ya zo, sai a ce musu dama can haka yake. Muna da ATBU a Bauchi, muna da Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya a Kashere, da ɗaliban kimiyyar ƙasa da na sinadarai da ke neman abin da za su rubuta a kundin kammala karatu. Gwamnatocin jihohin biyu za su iya ɗaukar nauyin wannan gwaji da abin da bai kai kuɗin taron siyasa ɗaya ba, a ajiye kwafin sakamakon a fadar hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma.

Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta a yi nazari kafin babban aiki irin wannan, kuma ana baje rahoton na kwanakin aiki 21 don jama'a su karanta su yi ƙorafi. Yawanci ba mai zuwa, sai ƙura ta rufe shi a ofis. Ƙungiyar ɗaliban Alkaleri ko ta Akko za ta iya neman kwafi, ta fassara muhimman wuraren, ta yi bayaninsu a rediyo da TikTok. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa NUPRC ko NOSDRA takarda, kuma doka ta ba su kwana bakwai su amsa. Ko sun yi shiru, shirun ma labari ne, mu 'yan aikin jarida an koya mana haka tun aji ɗaya.

Sannan a fara horar da 'yan gari tun yanzu, matasa biyu ko uku a kowace gunduma, waɗanda za su san yadda ake ɗaukar hoto mai ɗauke da rana da wuri, yadda ake ɗibar samfurin ruwa a kwalba mai tsabta, da abin da kowane layi na takardar binciken haɗin gwiwa yake nufi. Su san cewa wakilin gari yana da damar ƙin sa hannu idan bai yarda da abin da aka rubuta ba, kuma ya nemi a ba shi kwafinsa kafin tawagar ta shiga mota.